Cakulan da markaɗen gyaɗa ba tare da fulawar alkama ba: a kawo awo da dalili

Ummu Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon masu sani su warware mana maganar kayan zaƙi na cakulan da markaɗen gyaɗa ga wanda aka hana shi cin alkama. Koke uku ne suke ta maimaituwa. Kukis ɗin gyaɗa marasa fulawa suna rugujewa tun ba a ɗaga su daga faranti ba, ko su baje suna tsiyayar mai. Biraunis, wato kek ɗin cakulan mai nauyi da ake yankawa gunduwa-gunduwa, idan aka yi shi da garin shinkafa sai a ji shi garas-garas a baki. Cakulan ɗin da aka lulluɓe markaɗe da shi kuma, kwana biyu ya yi fari kamar ya tsufa. Don Allah a ba mu awo da dalili, kada a ce mana "a zuba daidai misali".

Anti Mai Kek:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga awo, a fara gane aikin da fulawa take yi a kwaɓi, domin duk abin da kika lissafa daga nan ya samo asali. Aiki biyu ne. Gulutin ɗin da ke cikinta, wato furotin ɗin nan mai danƙo, yana ɗaure kwaɓi, sitacinta kuma yana shanye mai da ruwa. Idan kika cire ta, dole ki naɗa wanda zai yi waɗannan ayyukan. A kukis ɗin gyaɗa ƙwai ne mai ɗaurewa, sukari kuma idan ya narke a wuta ya sake sandarewa shi ke ba su jiki. Shi ya sa idan suna da zafi ba su da ƙarfin komai.

Ga awon: markaɗen gyaɗa giram 250, sukari giram 150, babban ƙwai ɗaya, bekin soda rabin cokalin shayi, gishiri kwatan cokalin shayi idan markaɗen ba shi da gishiri. A cikin sukarin nan, giram 100 ya zama mai ruwan ƙasa, 50 fari. Ki fara buga ƙwai da sukari kamar minti ɗaya har ya yi yauƙi, sannan ki zuba markaɗe da soda. Ki rufe ki sa a firji minti 30. Ki mulmula kowane giram 25, za ki samu wajen 18. Ki danne kowanne da cokali mai yatsu, domin wannan kwaɓin ba ya faɗaɗa yadda ya kamata da kansa, idan kika bar shi dunƙule tsakiyarsa za ta zauna ɗanya. Oben a digiri 175 na ma'aunin Selshiyas, minti 10 zuwa 12. Ki fitar da su gefe ya ɗan yi ja, tsakiya da laushi. Sai babban sharaɗi: kada hannu ya taɓa su har minti 10 a kan farantin da aka gasa su. Yawancin masu kukan rugujewa a nan suke yin gaggawa.

Ummu Yara:
Anti, idan ana son su zama na cakulan fa? A ƙara hodar koko kawai a kan wannan awon?

Anti Mai Kek:
A'a ƙanwata, koko busasshen abu ne mai shan ruwa, idan kika ɗora shi haka nan kwaɓin zai bushe ya ƙi mulmuluwa. Ki rage markaɗe zuwa giram 230, ki sa hodar koko giram 25, sukari ya koma 160, ki ƙara kwanduwa ɗaya a kan ƙwan. Ki tankaɗe kokon da soda tare, don soda idan ta dunƙule a wuri ɗaya wanda ya ci wurin zai ji ɗanɗanon sabulu. Kuma tunda baƙaƙe ne ba za ki gane nuna da launi ba. Ki duba sama: idan ƙyallin danshi ya tafi, ya fara tsattsagewa, sun yi.

Malam Mai Tanda:
Awon Anti daidai ne, amma akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ne sanadin tsiyayar man da aka yi tambaya a kai. Markaɗen gyaɗa iri biyu ne. Akwai na kamfani wanda aka sa masa daskararren mai kaɗan don kada ya rabu, akwai zallar gyaɗa wanda idan ya zauna mai yake tasowa sama. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne. A kwaɓin da ba fulawar da za ta shanye shi, wannan man da ya saki jiki zai fita a oben, kukis su baje su soyu a cikin man kansu. Ni a ra'ayina, ga kukis marasa fulawa, na kamfani wanda ba ya rabuwa ya fi ba da sakamako iri ɗaya kullum.

Hajiya Babba:
Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Na kamfanin nan akwai sukari da gishiri a cikinsa, ɗanɗanon gyaɗar ma ya ragu. Zallar gyaɗa tana yi, sai dai a san yadda ake bi da ita. A juya kwalbar tun daga ƙasa har mai da tuwon su zama abu ɗaya, domin wanda ya ɗiba daga sama zai samu mai zalla, wanda ya ɗiba daga ƙasa zai samu busasshe, duka biyun kuma kukis ba za su yi ba. A ƙara sitacin masara babban cokali ɗaya a cikin awon giram 250 ɗin nan, a bar kwaɓin awa ɗaya a firji maimakon rabin awa. Shi kenan an rufe bakin mai.

Malam Mai Tanda:
Hajiya, sitacin da kika ƙara ai shi ne maganata ta wata hanya: sai an nemo mai shanye man. Na yarda yana yi. Abin da zan ƙara, kada a cuɗa kwaɓin zallar gyaɗa da yawa, musamman da hannu mai ɗumi. Yawan murza shi yana matso man waje, za ka gan shi yana naso a jikin kwano. Da ya haɗu a tsaya.

Hajiya Babba:
Wannan kam gaskiya ne. Ga masu son markaɗa tasu a gida: gyaɗa ɓararriya giram 400, a baza ta a faranti layi ɗaya, digiri 170, minti 12 zuwa 15, a juya ta sau ɗaya a tsakiya. A fasa ƙwaya ɗaya a duba, cikinta ya zama ruwan zuma. Idan ta yi fari-fari markaɗen zai yi gafi, idan ta yi duhu ɗaci zai haɗu da ɗacin cakulan ya yi yawa. A murje ɓawon, a zuba a injin markaɗe tana da sauran ɗumi, don mai ya fi saurin fita. Za ta fara zama gari, ta dunƙule ta zama curi, a nan mutane suke tsorata su zuba ruwa. Kada a zuba ko ɗigo. A ci gaba, ana tsayawa ana kankare gefe ana barin injin ya huta, curin zai saki ya zama mai gudu cikin minti biyar zuwa takwas. Gishiri rabin cokalin shayi a ƙarshe. Idan injin ba shi da ƙarfi, man gyaɗa cokali ɗaya ya isa ya taimaka masa.

Malama Nas:
Bari in tsoma baki ta fuskar lafiya, domin ana iya yin duk wannan daidai amma a cutar da wanda aka yi dominsa. Gulutin yana cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, da duk dangin alkama irin su samolina. Ga mai cutar siliyak, garkuwar jikinsa ce take kai wa bangon ƙaramin hanji hari idan ya ci, kuma ɗan kaɗan ya isa. Ƙa'idar da Amurka da Tarayyar Turai suke bi kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Ku auna ƙanƙantar wannan. Ɓurɓushin burodi a kwalbar markaɗe, daga wuƙar da aka shafa wa burodi aka mayar ciki, ya isa ya ɓata kwalbar ga mai siliyak. A ware masa kwalbarsa. Rariyar tankaɗe, muciya da katakon yanka duk suna riƙe fulawa a ramukansu, a ware sababbi. Farantin gashi a shimfiɗa masa takardar gashi. Kuma kada a yi wannan aikin a lokacin da ake tankaɗen fulawa a kicin ɗin, ƙurarta tana yawo ta sauka a kan kwaɓi.

Sai karanta jikin kwali. Gyaɗa da koko a karan kansu ba su da gulutin, abin da ake ƙara musu ne matsalar. Wasu cakulan ana sa musu tsiron sha'ir don ɗanɗano, za a ga an rubuta malt. Masu wefa ko biskit a ciki kam ba a ma magana. Wasu bekin foda da wasu garin sukari ana haɗa su da sitacin alkama, mafi yawa na masara ne, amma a duba.

Ummu Yara:
Malama, to ots fa? Girke-girke da yawa na gyaɗa da cakulan da ba a gasawa da shi ake yi.

Malama Nas:
Ots ba alkama ba ne, amma ana nomansa a girbe shi a niƙa shi da injinan da alkama da sha'ir suka bi, saboda haka wanda ake sayarwa haka kawai yawanci ya gauraya. Sai wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ba shi da gulutin. Ko shi ma akwai ƙalilan daga masu siliyak da furotin ɗin ots kansa yake tayar wa, wannan tsakaninsu da likitansu ne. Abu ɗaya kuma: wanda yake zargin yana da cutar kada ya daina cin alkama kafin a gwada shi, domin gwajin jinin zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan.

Ɗan Cakulan:
Ƙari a kan maganar Malama, busasshiyar shinkafar nan mai garas-garas da ake ci da madara, wadda wasu ke sawa a madadin ots, sau da yawa ita ma akwai malt a ciki. Sunan shinkafa ne yake yaudarar mutane.

Na ɗauki maganar cakulan mai yin fari. Farin iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Ki shafa yatsa a kai. Idan ya yi santsi ya narke ya ɓace, man koko ne ya taso. Idan kika ji shi kamar gari, bai narke ba, sukari ne: raɓa ta kwanta a kan cakulan ta narkar da sukarin sama, da ta bushe ya bar ƙwayoyi. Na biyun daga firji yake zuwa, idan aka fito da abu mai sanyi aka buɗe shi a iska mai ɗumi. Maganinsa a ajiye a mazubi mai murfi, idan an fito da shi kada a buɗe murfin sai sanyin ya sake shi, raɓar ta kwanta a jikin mazubin maimakon cakulan. Duka biyun ba sa cutarwa, kyan gani da daɗin tauna suke ragewa.

Na farkon kuwa, man koko yana iya daskarewa ta siffa shida, ɗaya ce kawai ake so, ta biyar, mai ƙyalli da ƙara idan an karya. Duk lokacin da kika narkar da cakulan kin rushe wannan siffar, idan kika bar shi ya daskare yadda ya ga dama sai ya fito dushi-dushi, da laushi, daga baya ya yi zane-zanen fari. Hanya mafi sauƙi a gida: cakulan baƙi giram 300, a yayyanka ƙanana. A narkar da giram 200 har zafinsa ya kai digiri 45 zuwa 50. A sauke, a zuba sauran giram 100 ɗin kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa, har ya sauko 31 zuwa 32. Wanda ba a narkar ba ɗin nan shi ne iri, siffarsa sauran suke bi. Mai madara a tsaya a 29 zuwa 30, fari 28 zuwa 29, kuma su kada zafin narkarwa ya wuce 45. A gwada da bakin wuƙa: a tsoma a ajiye, idan cikin minti uku zuwa biyar ya daskare da ƙyalli, an dace. Sai dai ɗakin ya kasance da sanyi-sanyi, wajen digiri 20. A ɗaki mai zafi ko an yi komai daidai ba zai kama ba.

Anti Mai Kek:
Ɗana, wannan aikin masu sayarwa ne. Wadda za ta yi guda goma sha biyu a cinye cikin kwana uku, ina ruwanta da ma'aunin zafi? Ta narkar da giram 300 ɗin da man kwakwa babban cokali ɗaya, ta zuba, ta ajiye a firji, a ci daga firji. Ya ma fi daɗin gutsura, don ba ya fashewa markaɗen ya tsarto.

Ɗan Cakulan:
Anti ban musa ba, matuƙar zai zauna a firji. Amma a faɗa mata gaskiyar abin: mai man kwakwa yana fara narkewa a hannu nan take, ba a iya jera shi a faranti a bar wa baƙi. Wanda zai fita daga gida, ko dai a daidaita zafin yadda na faɗa, ko a nemi cakulan ɗin lulluɓi wanda aka cire masa man koko aka sa man itatuwa. Shi narkarwa kawai ake yi, ba ya buƙatar komai, sai dai yana barin kitse a dasashi kuma ɗanɗanonsa bai kai ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da gyaɗa. Man gyaɗa ruwa-ruwa ne, yana ratsawa ya shiga cikin cakulan a hankali, ya tausasa shi ya jawo farin nan ko da an daidaita zafi. Shi ya sa ba a zuba zallar markaɗe a ciki. Ga cikon guda 12: markaɗe giram 130, garin sukari giram 40, bota mai laushi giram 15, gishiri ɗan tsunkule. Garin sukarin ne yake riƙe man. A raba shi giram 15-15, a lailaye kamar kwabo wanda faɗinsa bai kai gindin takardar kek ba, a sa a firiza minti 15. A zuba cakulan cokalin shayi biyu a kowace takarda, a juya ta ya hau gefe, a bari ya fara kamawa. A ɗora cikon, amma a bar shi ya ɗan saki sanyin firiza tukuna, idan ya yi ƙanƙara cakulan ɗin sama zai tsage. A rufe da sauran cakulan, a buga gwangwanin a kan tebur sau biyu iska ta fita. Kada bangon ya yi siriri, nan man yake fara ɓullowa.

Ummu Yara:
Yaya, cakulan da ake cikin narkarwa sai ya dunƙule ya zama kamar tuwo fa? Wuta ce ta yi yawa?

Ɗan Cakulan:
Ko wuta ko ruwa. Idan yana ƙauri, ƙonewa ya yi, wannan ba gyara. Idan ba ƙauri, ruwa ne ya shiga. Cakulan busassun ƙwayoyin sukari da koko ne suke yawo a cikin mai, ɗigon ruwa yana jiƙa sukarin sai ƙwayoyin su manne da juna. Jiƙaƙƙen cokali ya isa, tururin tukunya ma ya isa. A ɗora busasshen kwano a kan tukunyar da ruwanta ya yi zafi amma ba ya tafasa, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan, kada a rufe, idan an sauke a goge gindin. A maikurowef kuma daƙiƙa 20-20 a rabin ƙarfi, ana juyawa tsakani, a tsaya da sauran guntaye zafin kwano ya ƙarasa su.

Wanda ya riga ya dunƙule kada a zubar. Abin mamakin shi ne ruwa kaɗan ke ɓata shi, ruwa mai yawa ke gyara shi. A dinga zuba kirim ko madara mai zafi cokali-cokali ana juyawa har ya saki. Ba zai ƙara daskarewa da ƙarfi ba, amma ya zama abin kwararawa a kan kek. Markaɗen gyaɗa ma haka halinsa yake, ku lura idan aka zuba masa madara cokali ɗaya yadda yake ƙara tauri.

Malam Mai Tanda:
Saura biraunis. Shawarata a bar garin shinkafa gaba ɗaya a nan, domin biraunis ko na alkama ma fulawarsa kaɗan ce, sitaci da koko sun isa. Cakulan baƙi mai kashi 60 zuwa 70 na koko giram 200, bota giram 100, sukari giram 150, manyan ƙwai biyu, hodar koko giram 15, sitacin masara giram 30, gishiri rabin cokalin shayi. A narkar da cakulan da bota, a bari ya huce ya zama ɗumi. A wani kwano a buga ƙwai da sukari minti uku har ya yi fari ya kumbura, narkewar sukari a cikin ƙwai ita ke ba da ɓawon nan mai ƙyalli a sama. A haɗa su, a tankaɗa koko da sitaci, sannan a buga da ƙarfi minti ɗaya cur. A nan ya saɓa da na alkama, inda ake hana yawan juyawa don kada gulutin ya taso. Nan babu gulutin da za a ji wa tsoro, bugun ne ma yake haɗa mai da ƙwai. Za a ga kwaɓin ya tashi daga mai ƙuraje ya koma sumul yana sakin gefen kwano. Wanda ya tsallake wannan, biraunis ɗinsa zai fito da mai a kwance a sama yana marmashewa.

Gwangwani mai kusurwa huɗu, santimita 20, da takardar gashi. Markaɗe giram 80 a gauraya da garin sukari babban cokali ɗaya, a ɗiɗɗiga a sama, a ja wuƙa sau uku ko huɗu kawai, idan aka yawaita zanen zai ɓace. Digiri 175, minti 22 zuwa 26. Tsinke ya fito da ɗan danshin ɓurɓushi, idan ya fito tas an wuce. A bar shi ya huce sarai, a sa a firji awa biyu kafin a yanka da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi aka goge.

Hajiya Babba:
Ga wanda dole sai ya yi kek mai tashi, inda ba makawa sai gari, garas-garas ɗin shinkafa yana da magani biyu. A nemi mai laushin gaske, wanda idan aka murza tsakanin yatsu ba a jin ƙwaya. Kuma kada a yi shi shi kaɗai: garin shinkafa giram 140, sitacin dankalin turawa giram 40, sitacin rogo giram 20, zantan gam, wato garin da ke ɗaure kwaɓi a madadin gulutin, rabin cokalin shayi. Bayan an kwaɓa a bar shi minti 20 zuwa 30 kafin a gasa, shinkafar ta sha ruwa ta yi laushi. Zantan ɗin kada a wuce awo, yawansa yana mayar da kek kamar danƙo.

Anti Mai Kek:
Hajiya, idan za a bar kwaɓi ya huta, bekin soda da foda a ajiye su sai ƙarshe a tankaɗa a juya, kada ƙarfinsu ya tafi a kwano. Kuma a kula da irin kokon. Akwai na asali mai haske da ɗan tsami, akwai wanda aka kashe wa tsami, mai duhu, wanda ake danganta shi da Holan. Soda tana buƙatar tsami kafin ta tashi. Idan koko mai duhun ne kuma babu wani abu mai tsami a kwaɓin, kek ba zai tashi ba kuma soda za ta fito a baki, sai a koma bekin foda. A kukis ɗin da na bayar sukari mai ruwan ƙasa ne yake ba ta ɗan tsamin da take so. Garin kwakwa kuma don Allah kada a musanya shi da wani gari awo da awo, shan ruwansa ya wuce misali.

Malama Nas:
Abu biyu game da gyaɗar kanta. A tsince ta kafin a soya, duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi ko take warin fumfuna a zubar. Fumfunar gyaɗa tana haifar da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, kuma zafin suya ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Na biyu, rashin gulutin bai sa abin ya zama na kowa ba. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa har numfashi ya sarƙe, kuma a cikin biraunis ko ƙarƙashin cakulan ba a ganinta. Duk wanda za a miƙa wa a gaya masa akwai gyaɗa.

Ummu Yara:
Allah ya saka muku da alheri. Ta ƙarshe: wanda ba a gasawa, da kuma yadda za a ajiye su duka.

Hajiya Babba:
Markaɗe giram 250, zuma giram 90, a ɗumama su a wuta kaɗan har su saki, kada su tafasa. A zuba ots mai shaidar rashin gulutin giram 160 da gishiri kaɗan. A danna a gwangwanin santimita 20 da gindin kofi, da ƙarfi sosai, domin rashin dannawa ne yake sa ya warwatse wajen yanka. Na sama, cakulan giram 150 a narkar da markaɗe babban cokali biyu, markaɗen yana hana shi tsagewa a ƙarƙashin wuƙa. Firji awa biyu. Idan markaɗen mai gudu ne sosai a ƙara ots giram 20.

Malam Mai Tanda:
Kukis a mazubi mai murfi kwana huɗu zuwa biyar a waje. Biraunis kwana uku a waje, mako ɗaya a firji. Mai ots da mai man kwakwa firji ne gidansu. Kek ɗin garin shinkafa shi ne mai saurin bushewa, washegari ma an fara jin bambanci, saboda haka wanda ba za a ci ranar ba a yayyanka a naɗe kowane yanki a sa a firiza. Ɗanyen kwaɓin kukis ma ana mulmulawa a danne a daskarar, a gasa kai tsaye daga firiza da ƙarin minti biyu. Duk zafin da muka ambata na oben marar fanka ne, mai fanka a rage digiri 20. Idan aka bi awo daidai amma gindin kukis yana ƙonewa kafin minti 10, oben ɗin ne yake wuce lambar da ke jikinsa, a sa ma'aunin zafi a ciki a gani, a kuma mayar da farantin layin tsakiya.